Shin Ko Kun San? Ba Kullum Faifai Ke da Laifin Nawar Kwamfuta Ba

Shin ko kun san cewa Windows XP kan rage wa faifan ajiya gudu da kanta, ba tare da ta faɗa wa mai kwamfuta komai ba? In aka samu tangarɗa sau 6 wajen aika bayanai, sai ta sauke faifan mataki ɗaya. In tangarɗar ta ci gaba, haka za ta yi ta sauke shi har ya bar tsarin DMA ya faɗa na PIO, kuma can zai zauna ko da matsalar ta wuce.

Bambancin ba kaɗan ba ne. A tsarin DMA faifai na zuba bayanai kai tsaye cikin ma'adanar aiki, ƙwaƙwalwar kwamfuta na can tana harkar gabanta. A PIO kuwa ita ce ke dakon komai da kanta, kamar mai shagon da ya sallami 'yan dako ya koma sauke buhuna, masu saye na tsaye suna jira. Iyakar gudun PIO megabayit 16.7 ne a sakan, alhali Ultra DMA na kai 100 ko 133. Alamar PIO a fili take: ana kwafar fayil, sauti na sarƙewa, kibiyar linzami na tsalle-tsalle. Maganin ba ya cin ko kwabo. A shiga Device Manager, a cire tashar IDE da faifan ke kai, a sake kunna kwamfutar, Windows za ta gano shi sabo fil.

Kun san cewa faffaɗar igiyar IDE iri biyu ce, kuma duka bakinsu ɗaya? Akwai mai sili 40, akwai mai 80. Ƙarin silin 40 ɗin ba sa ɗaukar bayani ko ɗaya, an jera su ne tsakanin sauran don kada saƙon wannan sili ya kutsa cikin na maƙwabcinsa. Duk wanda ya sa mai 40, faifansa ba zai wuce megabayit 33 ba, ko da an rubuta 133 a jikinsa. Mai 80 ana gane ta da sirantar sili da launin bakuna: shuɗi a babban allo, baƙi a faifan farko, ruwan toka a na biyu. Mai sayen tsohuwar kwamfutar tebur ta hannu, ya fara leƙa nan.

SATA, wadda ta gaji IDE, ta shigo kasuwa a 2003 da megabayit 150 a sakan, ta koma 300, sannan 600 a 2009. To amma faifai mai juyawa sau 7,200 a minti da ƙyar yake kai 300. Saboda haka mai neman a sauya wa irin wannan faifai kafa daga ta 300 zuwa ta 600 wahalar banza yake yi. SSD ne ke cin moriyar wannan kafa, kuma shi ake cuta in aka soke shi a tsohuwa.

Ga wani abin da ke ɓoye a bayan wasu faifan SATA na ƙarni na biyu: 'yar mitsitsiyar roba da ake kifawa a kan allurai biyu, masu gyara na ce mata jampa. Aikinta ta tsayar da faifan a kan 150, domin wasu tsofaffin alluna masu guntun VIA ba sa ma ganin faifan in ya zo da gudun 300. A sabon allo kuwa ba ta da amfani, sai dai a zare ta da ɗan hantsaki.

Shin ko kun san faifai na rubuta ƙorafinsa da kansa? A cikin bayanan SMART, lamba 199 na ƙirga kurakuran da aka samu a hanya tsakaninsa da allo. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, na nuna ta. In lambar na hauhawa, yawanci igiya ce ta yi sako-sako ko ƙura ta cika bakinta. A ganina, sayen sabon faifai kafin duba wannan lamba ɓarnar kuɗi ce. Lambobi 5 da 197 su ne na tashin hankali, don su jikin faifan suke nufi. In sun fara motsi, a kwashe kaya tun da wuri.

Hattara da BIOS. Mayar da saitin faifai daga IDE zuwa AHCI na ba shi damar jera umarni har 32 ya bi su ta hanya mafi kusa, amma in an riga an girka Windows, sauyin kan jawo shuɗin allo tun kafin ta tashi. A mayar da saitin yadda yake, za ta tashi lafiya lau.

Wani jinkirin ma ba cuta ba ne. Faifai na fara rubutu daga gefen waje, inda da'ira ta fi faɗi, ya gangara ciki. Kafin ya kai ƙarshe, gudunsa ya ragu zuwa kusan rabi.