Maganin rage ƙiba: kitse yake ragewa ko ruwa?



Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya ga rumfunan masu maganin gargajiya cike da sassaƙe, saiwoyi da ƙullin gari. Cikin abin da ake nema a wurinsu har da maganin rage tumbi. Mun san wasunmu da ake yi wa ba'a saboda ƙiba kan sayo shi a ɓoye. Shi ya sa muka ɗauko zancen a wannan makon.

Ganyen filasko na cikin abin da ake yawan zubawa a shayin rage ƙiba. Aikinsa wanke ciki ne. Mutum zai yi ta zagayawa, ya hau sikeli ya ga nauyi ya ragu, ya yi murna. Amma ruwa da gishirin jiki ne suka fita, kitse na nan daram. Idan aka daɗe ana sha, sai kasala da jiri su biyo baya, bugun zuciya ma kan rikice.

Ba mu kaɗai ke da maganin gargajiya ba. Koriya ta Kudu na da nata, har da babban littafin likita Heo Jun da aka buga a 1613. A can sai mutum ya yi shekara 6 a jami'a ya samu lasisi kafin ya ba da irin wannan magani. Likitan yakan duba mai ƙiba, ya auna masa magani, ya haɗa masa da tsarin cin abinci da motsa jiki. Duk da haka, tsiron mahwang da suke amfani da shi yana hawar da jini, har Amurka ta hana sayar da ƙwayoyin rage ƙiba masu ɗauke da sinadarinsa a 2004. Ashe fitowa daga tsiro ba ya hana abu cutarwa.

To, mene ne abin yi? Kitse ba ya narkewa sai jiki ya ƙona fiye da abin da ya ci. Mu rage lemon kwalba da soye-soye, mu rage sukari a zoɓo, mu yawaita zogale da wake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu shekara 5 zuwa 17 shawarar motsa jiki na minti 60 kullum. Kada mu sha haɗin da ba mu san abin da ke ciki ba, ko wanda ba shi da lambar NAFDAC. Mai damuwa da nauyinsa ya gaya wa iyayensa su kai shi asibiti.

Masu ba'a kuma, don Allah mu bari. Bakinmu ne ke tura wasu sayen abin da zai kwantar da su.

Allah Ya ƙara mana lafiya.