Noman Daliya Don Sayar Da Furenta

Daliya wata shuka ce mai manyan furanni, akwai ja, da fari, da rawaya, da ruwan hoda, shuɗi ne kaɗai ba a samu. Asalinta daga tuddan ƙasar Meziko ne. A 1789 aka kai irinta Madrid ta ƙasar Sifen, inda aka raɗa mata sunan wani masanin tsire-tsire, mutumin Suwidin, wai shi Anders Dahl. Turawa su kan sayi furenta a yanke, su tsoma cikin kwalba da ruwa don ƙawata ɗaki ko wurin biki.

Da ya ke shukar tudu ce, ba ta jure zafi. Wuri mai sanyi kamar tudun Jos ko Mambila shi ya dace da ita, amma bazarar Sakkwato sai ta ƙone ta.

Tana yin saiwa kamar ta dankalin Hausa, ita a ke dasawa. To, a nan mutane da yawa ke yin hasara. Dankalin Turawa yana da ido ko'ina a jikinsa, amma idon daliya a wuya kaɗai ya ke, watau inda saiwa ta haɗu da tsohon kara. Saiwar da aka ɓalle ba tare da idon nan ba, kome girmanta, ba za ta tsira ba. Saboda haka mai saye ya duba wuya, kada ƙiba ta ruɗe shi.

A samu ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya. A kwantar da saiwa cikin rami zurfin inci 4 zuwa 6, tsakanin gindi da gindi ƙafa 1 da rabi. A kafa sanda a ran nan, gama karanta rami ne a ciki, iska kaɗan sai ya karye, in kuwa aka bari sai daga baya, sandar ta kan soke saiwa. Kada a cika ta da ruwa kafin ta tsiro, ruɓewa za ta yi.

In ta kai ƙafa 1 a tsunke kanta. Manomi zai ji kamar ɓarna ya ke yi, amma haka ne ke sa ta yi rassa masu dogon hannu, su kuwa masu saye ke nema. Kowane reshe ya kan fid da toho 3, a cire na gefe a bar na tsakiya. A lura da darɓa kuma, don tana ɗauko mata cuta kamar yadda ta ke kai wa gyaɗa kuturta. Gindin da ya kamu a tumɓuke shi a ƙone.

Wajen wata 3 bayan dashe sai a fara yanka, a nan kuwa riba ko faɗuwa ta ke. Furen daliya ba ya ƙara buɗewa sosai bayan an yanke shi. Wanda ya yanki toho, toho zai kai kasuwa. Wanda ya jinkirta har bayan furen ya fara yaushi, kafin ya isa ya kaɗe. A yanka sa'ad da ya kusa gama buɗewa, da sassafe, da wuƙa mai kaifi, a zage ganyen ƙasa, a tsoma nan take cikin bokitin ruwa mai tsabta, a ajiye a inuwa. Yawan yanka kuwa shi ke ƙara mata fure.

Duk da haka kwana 4 zuwa 6 ya ke yi a kwalba, ba ya kuma son doguwar tafiya a mota. Wanda zai shiga wannan noma ya fara shiryawa da masu otal ko masu shirya biki na kusa da shi tun saiwa ba ta shiga ƙasa ba, ya kuma gwada da kunya ɗaya tukuna.