Jiyyar Zaman Rukuni da Ma'aikatan Masana'antun Kano

1.0 Gabatarwa

Da zarar an ambaci ciwon ƙwaƙwalwa, abin da ke zuwa zuciyar Bahaushe shi ne mahaukaci tuburan mai yawo a juji. Sai dai a ilimin likitanci lamarin ya fi haka faɗi, domin ya ƙunshi matsananciyar damuwa da fargaba da kamuwa da shan ƙwayoyi. Wannan darasi zai bayyana wata hanyar magance irin waɗannan larurori, wato jiyyar zaman rukuni, da dacewarta da ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa.

2.0 Ma'ana da Asali

Jiyyar zaman rukuni ita ce a tara mutane kaɗan masu larura iri ɗaya, su riƙa haɗuwa a kai a kai ƙarƙashin jagorancin wanda aka horar, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, a nemi mafita tare. Ana danganta farkonta ga Joseph Pratt, likita a birnin Boston na Amurka, wanda a 1905 ya fara tara masu tarin fuka yana koyar da su, ya kuma lura cewa haɗuwar tana ƙarfafa musu guiwa. A 1970 Irvin Yalom ya fayyace dalilan da ke sa wannan hanya ta yi amfani. Daga ciki akwai gane cewa ba kai kaɗai ke cikin matsalar ba, da samun fata idan ka ga wani ya farfaɗo, da jin kana da daraja idan ka taimaki ɗan'uwanka.

A 2003 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyukan Uganda, wanda ya nuna cewa mutanen gari da aka horar suna iya jagorantar rukuni, damuwar mahalarta ta ragu. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora mai tsarin zama 8 domin masu matsananciyar damuwa.

3.0 Halin da Ma'aikata Suke Ciki

Bompai ce ta riga kafuwa, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Masaƙu da kamfanonin jima da na roba da na alewa sun jawo dubban mutane daga ƙauyuka da sauran sassan ƙasa. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki da kwararar yadi mai araha daga waje, masana'antu da dama suka durƙushe, aka sallami ma'aikata.

Magidancin da ya rasa aikinsa yakan rasa barci da walwala, ya riƙa jin nauyin haɗa ido da iyalinsa. Leburan wucin gadi kuwa, ranar da bai fita ba babu kuɗin cefane, don haka zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano hasarar yini guda ce a gare shi. Wasu matasa sukan nemi ƙarfin aiki a ƙwayoyi irin su taramol. Matan da nauyin gida ya koma kansu sukan haɗiye damuwa don gudun a ce sun gaza haƙuri. Ga kuma tsoron a kira mutum mahaukaci, a guji auren 'ya'yansa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya kuwa 'yan ɗaruruwa ne, ga al'umma fiye da miliyan 200.

4.0 Dacewarta da Al'adar Bahaushe

Jagora guda zai iya kula da mutum goma a zama ɗaya, a ajin makaranta ko ofishin ƙungiyar ƙwadago, bayan tashi daga aiki. Wannan ya rage tsada da nisa. Haka kuma Bahaushe ya saba da majalisa da adashi da aikin gayya, ya kuma san cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kai jiyya cikin jama'a ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da majiyyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro a Abeokuta.

Amma rukuni ya bambanta da majalisar hira. Sharaɗinsa na farko shi ne riƙon amana: abin da aka faɗa a zaure ba ya fita waje. Ba a yi wa kowa dariya ko wa'azin zargi. Ya kyautu a raba rukunin maza da na mata saboda kunya, kada kuma a haɗa lebura da shugabansa na wurin aiki. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko yake tunanin halaka kansa, wajibi ne a gaggauta kai shi ga likita.

5.0 Kammalawa

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu larura bambanci. Sai dai doka ba za ta kai kanta ƙofar talaka ba. 'Ya'yan waɗannan ma'aikata su ne za su zauna a ajin malami. Yaron da ya daina magana, ko ya yawaita fashi, wataƙila damuwar gida ce ta biyo shi. Malami ba likita ba ne, amma yana iya lura, ya saurara, ya hana tsokana, ya kuma nuna wa iyaye inda za su sami taimako.

Tambayoyi

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin zaman rukuni da majalisar hira.
2. Waɗanne dalilai ke hana leburan wucin gadi zuwa asibiti?
3. Wace rawa malami zai taka idan ya ga alamun damuwa ga ɗalibinsa?