WANE INJIN GAZWAL YA FI JURE HANYAR BALEYARA?

Kowace ranar Lahadi garin Baleyara yana cika maƙil. Kasuwarsa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin Nijar, tana haɗa Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Kurfayawa. Tun da asuba motoci ke shigowa, waɗansu daga Yamai, tafiyar wajen kilomita 100, waɗansu daga Filinge da Bonkuku da ƙauyukan kwarin Dallol Boso. Da yawa cikin waɗannan motoci gazwal suke sha, kuma kusan dukkansu sun yi aiki a wata ƙasa kafin su iso nan.

Saboda haka mutumin da ya saida shanu ko ya tara albashin shekaru don ya sayi mota, tsohuwa zai saya. In ya dace, motar ta ciyar da gidansa, ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare. In bai dace ba, dukiyarsa ta ƙare a bakin gareji. Abin da ke raba dacewa da hasara, mafi yawan lokaci, shi ne inji.

INDA MOTOCIN SUKE FITOWA

Tun da aka rage darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwar ƙauye. Sai tsofaffin motocin Turai suka yi ta kwararowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su bi ta Gaya su shigo ƙasa. Bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara nisa, kuɗin mota da na kayan gyara suka hau. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma.

Dalilin son gazwal a fili yake. Injinsa ba ya buƙatar tartsatsin wuta: yana matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Don haka ake ƙera shi da ƙarfe mai kauri, yana jan kaya, kuma ba ya shan mai kamar na fetur. Amma lissafi ya sake. A watan Agusta na 2022 litar gazwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668. A watan Yuli na 2024 aka maido ta 618, alhali litar fetur ta sauka zuwa 499. Ke nan mai ƙaramar zirga-zirga cikin gari ba lalle ya ci ribar gazwal ba. Ribar tana ga mai doguwar tafiya da kaya masu nauyi.

TSOFAFFIN INJUNA MASU FAMFO NA ƘARFE

Kashi na farko shi ne injunan da ba su da kwamfuta. Famfo ne na ƙarfe ke tura mai, makaniken gari kuma yana iya kwance shi da hannunsa.

Cikinsu akwai Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Injinta na gazwal mai lita 2.3 yana da sauƙin gyara, motar kuma tana son hanya maras kwalta. Aibinsa guda ne: ba ya jimrin zafi. In ruwa ya ƙare bai sani ba, kan injin yana tsagewa. Ƙanensa mai lita 1.9, wanda ya fito a 1982 aka sa shi cikin 305 da 405 da 306, ya fi shi tsimin mai. Sai dai igiyar roba mai haƙora ce ke daidaita motsinsa, in kuwa ta tsinke ana cikin tafiya, ɓarnar takan yi yawa.

Akwai Mercedes 240D da 300D da aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Jikin injin da kansa duk baƙin ƙarfe ne, sarƙa ce a maimakon igiyar roba, kuma a duniya an shaide shi da tsawon rai. Amma mafi ƙuruciyarsu ta kai shekara 40. Inji na iya zama lafiya lau alhali ƙafafu da birki da wayoyin wuta sun gaji. Ga shi motar tana da nauyi, ba ta son rairayi.

Sai kuma Toyota. Injunan Hilux da Hiace masu lita 2.4 da 2.8 da 3.0 waɗanda ba su da turbo sun yi suna wajen haƙuri, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu a Yamai. Mai lita 2.4 da aka ƙara wa turbo ya fi gudu, amma an san shi da tsagewar kai idan ya sha zafi. Babbansu shi ne 1HZ na Land Cruiser, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba duk da girmansa, don haka ba ya wahalar da kansa. Shi ne abin dogaron asibitoci da ma'aikatu a cikin daji. Kuɗinsa ne kawai ke korar talaka, kuma yana shan mai fiye da sauran.

SABABBIN INJUNA MASU KWAMFUTA

A 1997 aka fara saida ƙananan motoci masu sabon tsari, inda kwamfuta ke auna man da za a fesa da matsi mai tsanani. Su ne ake gani da tambarin HDi a Peugeot, CDI a Mercedes, dCi a Renault, D-4D a Toyota. Sun fi tsofaffi ƙarfi, sun fi su tsimi, ba su kai su ƙara da hayaƙi ba. Ma'aikacin da ke bin kwalta tsakanin Yamai da Filinge zai ji daɗinsu.

To amma an ƙera su ne don man Turai da sanyin Turai. Bakin da ke fesa mai a cikinsu ya fi kafar allura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙura cikin gazwal ya isa ya lalata shi, kuma guda huɗu ne ko fiye. Tun daga 2000 aka fara sa wa waɗansunsu matatar hayaƙi cikin salansa, daga 2009 kuma dokar Turai ta sa kusan duk sabuwar motar gazwal ta zo da ita. Wannan matata tana son mai maras ƙibiritu da yawa, tana son baƙin mai na musamman, in ba haka ba ta toshe. Idan fitila ta kunna a gaban direba, sai an sa na'urar bincike kafin a gane ciwon. Wanda abin ya same shi a bayan Bonkuku, sai dai a jawo motar zuwa Yamai.

Ga hukuncin a taƙaice. Mai shiga ƙauyuka da rairayi da lodi, tsohon injin Toyota maras turbo ya fi masa kwanciyar hankali. Mai ƙaramin ƙarfi da ke bin kwalta, Peugeot mai lita 1.9 ta ishe shi in ya kula da ruwa da igiya. Injin kwamfuta kuwa na wanda ke shan mai a gidan mai ne kawai, yana kuma kusa da garejin da ke da na'ura.

YADDA AKE DUBA INJI

A kasuwar Baleyara ba mai sayen sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba. Haka ya kamata a yi wa mota, domin suna ba ya hana tsufa. Injin Toyota da aka wulaƙanta bai kai na Peugeot da aka riƙe da kyau ba.

Na ɗaya, a je da sassafe, a taɓa injin a tabbata da sanyinsa kafin a tada shi. Lafiyayye yana tashi nan da nan. Dillalin da ya riga ya ɗuma mota kafin mai saye ya iso, akwai abin tambaya.

Na biyu, a dubi hayaƙi. Baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa gyaransa da sauƙi. Shuɗi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai, wato zobban fistan ko turbo sun gaji. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, alama ce ta ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Na uku, a buɗe murfin baƙin mai inji yana aiki. In yana huci da ƙarfi kamar zugazugi, injin ya ci ƙarfinsa. In an ga wani abu kamar kindirmo a jikin murfin, ruwa ya haɗu da mai. Tun inji yana da sanyi a buɗe wurin zuba ruwa, a duba ko kumfa na tasowa.

Na huɗu, kada a yarda da lambar kilomita ita kaɗai, domin ana iya maida ta baya. Sitiyari da kujerar direba da abin taka birki sun fi ta faɗin gaskiya. A yi tafiya mai ɗan nisa da mutane a ciki, ido yana kan allurar zafi.

Na biyar, a tafi da makaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, a kuma gwada lambar jikin mota da wadda ke cikin takardun duwan. Cinikin biri a sama ba ya haifar da alheri.

BAYAN AN SAYA

Abokan gaban inji a ƙasar Kurfai uku ne: ƙura da zafi da gurɓataccen mai. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iska duk mako. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, a duba ruwa kowace safiya, kuma a guji ruwan rijiya mai kanwa, don yana toshe hanyoyin ruwa. Gazwal na cikin duro a bakin hanya yakan zo da ruwa ko kananzir, arharsa kuwa ba ta ado. Ranar da mota ta shigo hannu a yi mata juye, a sake matatar mai, a sake igiyar roba ko da mai saidawa ya rantse sabuwa ce. A injunan Toyota da aka ambata, ƙa'idar da aka saba ita ce kilomita 100,000.

Daga ƙarshe, kada mutum ya zuba duk abin da ya mallaka cikin kuɗin saye. Ya rage wani abu don gyaran farko, wanda ba makawa sai ya zo. Wanda ya sayi motar da makaniken garinsu ya sani, ya kuma san inda zai samo kayanta, shi ne zai riƙa isa kasuwa kowace Lahadi. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka cikin nema.