100 ko 150: Wane Babur Ne Ya Fi Jure Zafi?

Da an tashi daga makaranta, musun babur ba ya ƙarewa a bakin get. Wannan ya ce na yayansa 150 ne, ba a kamo shi a titi. Wancan ya ce ai babban inji ya fi saurin ɗaukar zafi. Mun ga ya dace mu shiga tsakani, domin wasunku ake tambaya shawara a gida idan za a sayi babur, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne.

Mu fara da lambar kanta. A cikin inji akwai silinda, wani bututun ƙarfe da fistin ke kai da kawo a ciki. Lambar cc tana nuna girman sararin da fistin ke sharewa a tafiya guda. 1000cc lita ɗaya ne, ke nan 100cc bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata ba. Idan sararin ya ƙaru, iska da fetur da ake ƙonawa sun ƙaru, ƙarfi ma ya ƙaru. Bajaj Boxer mai 100cc yana ba da ƙarfin doki kusan 8, mai 150cc kuwa wajen 12.

To, zafin fa? Kamar yadda kuka koya a darasin fiziks, inji ba ya mayar da dukkan ƙarfin fetur zuwa gudu. Abin da ke kaiwa ga taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura zafi ne da ke fita ta salansa da jikin inji. Saboda haka mai cewa babban inji ya fi haifar da zafi yana da gaskiya, amma rabinta ya faɗa.

Yawancin baburanmu ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su. Tsage-tsagen nan da ke jikin silinda ba ado ba ne, su ne ke miƙa wa iska zafin. Idan babur na gudu, iska na bi ta cikinsu. Idan ya maƙale a cunkoso da ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, babu mai fifita shi, kuma a nan babban inji kan gasa wa mai shi ƙafa.

Amma ku ɗora wa 100cc buhun masara biyu da mutum biyu, ku sa shi a yashi ko hawa. Dole a murɗe totur har ƙarshe, babur na rarrafe, iska ba ta isa. Baƙin mai ya tsinke, ringi ya cinye, wata rana inji ya buga. Aikin da 150 zai yi cikin natsuwa, shi ƙaramin da kuka yake yin sa.

A ganinmu, don zirga-zirgar cikin gari da kai yara makaranta, 100 ko 110 ya wadatar, ga sauƙin mai. Mai zuwa gona ko kasuwannin ƙauye da kaya, gara ya daure ya sayi 150. Kowanne aka saya, a riƙa juye a kan lokaci, a kuma kankare taɓon da ke toshe tsagen silinda.

Hawan kuwa sai ku dakata tukuna: a Nijeriya ba a ba da lasin tuƙi sai an cika shekara 18.