Daga gonar malam zuwa lambun makaranta: abin da yaran Birnin Gwari ke buƙata

Tun zamanin kakanninmu ilimi da noma tare suke tafiya a ƙasar Hausa. Malamin tsangaya yakan sauka da almajiransa a gefen gari ko a ƙauye mai wadatar ƙasa, mai gari ya yanka masa gona. Idan damina ta faɗi, a yi karatun asuba a wanke alluna, da hantsi a ɗauki fartanya, da dare kuma a kewaye wuta a ci gaba da tilawa. Hatsin da aka girbe shi ke riƙe makaranta har tsakiyar rani. Yaron da ya tashi a haka yakan fita da karatu a ƙirji da sana'a a hannu.

Ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, ta dace da wannan tsari. Ƙasa ce ta masara da dawa da wake, mai isasshen ruwan sama. A gefenta akwai dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, cike da doka da kaɗanya da ɗorawa da taura. Sai dai dajin da ya ba mutane daddawa da man kaɗe ya koma maɓoyar 'yan bindiga fiye da shekara goma. Manoma suka bar gonakinsu na nesa, ƙauyuka suka watse, makarantu da yawa aka rufe su. A ranar 15 ga Maris, 2021, mahara suka afka wa makarantar firamare ta ƙauyen Rama suka tafi da malamai uku.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma buɗe kasuwar kara da ta shafe shekaru a rufe. Muna roƙon Allah Ya dawwamar da zaman lafiya. Amma buɗe ƙofar aji mataki ne na farko kawai. Yaron da ya fito gida da yunwa ba ya riƙe abin da aka biya masa, kuma malamin da ya san abin da ya faru a Rama ba zai kwashi yara ya kai su gonar da ke bakin daji ba. Saboda haka muke ganin lokaci ya yi da gonar malam za ta dawo cikin katangar makaranta, a matsayin ɗan lambu, a makarantun boko da na Islamiyya da na allo baki ɗaya.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Yaran da aka auna a wancan lokaci su ne ke cike da azuzuwanmu yau. Tuwon masara yana cika ciki, amma ba ya wadatar da jiki da sinadarin ƙarfe mai gina jini, ko bitamin A mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki. Ƙarancin jini kuwa yana kawo kasala da raunin mayar da hankali, har a riƙa zargin yaro da daƙiƙanci alhali abinci ne ya gaza masa.

Gwamnati ta gwada nata ƙoƙarin. A Janairun 2016 Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a kan Naira 50 kowane yaro a rana, yara kuwa suka cika makarantu. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da nata shirin a wannan shekara, wanda aka dakatar a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Darasin da muka koya shi ne, tukunyar da ke jiran kuɗi daga Abuja ko Kaduna tana iya hucewa kowace rana. Lambu ba zai maye gurbin wannan tukunya ba, domin fili kaɗan ba ya ciyar da yara ɗari biyar hatsi. Amma yana iya samar da abin miya, wanda shi ne ainihin abin da ya yi ƙaranci.

Abubuwan shukar duk na gida ne. Zogale yana tsayawa a matsayin shinge, ana cin ganyensa a shekarar da aka shuka shi. Alayyafo yana isa tsinka cikin kusan wata guda. Rama da yakuwa da kuɓewa ba sa son wahala, kuma ana busar da su don rani. Wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma gina jiki. Dankalin Hausa mai jan ciki yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Idan aka haɗa kwaɗon ganye da ɗanyen tumatir ko aka matsa lemun tsami, jiki ya fi tsotse ƙarfen da ke ciki.

Lambun kuma aji ne. Yaron da ya auna tsawon kunya da faɗinta ya fahimci lissafin fili fiye da wanda ya haddace shi a kan allo. Wanda ya tuge wake ya ga ƙulle-ƙullen saiwarsa ya fahimci dalilin da ya sa iyayensa ke haɗa shi da dawa. Malamin fiƙihu ma zai samu misali a gabansa idan ya zo babin zakkar amfanin gona, inda ake fitar da ushiri a abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri kuma a wanda aka shayar da wahala.

Akwai wuraren tuntuɓe guda uku da ya kamata a sani tun farko. Na ɗaya ruwa ne: ban da unguwannin da ke kusa da madatsar ruwa ta Bagoma, lambun rani sai da rijiya ko burtsatse, kuma ruwan alwala da ke malala a banza ana iya karkatar da shi ya shayar da zogale. Na biyu kalanda ce: dogon hutu yana faɗowa a watan Agusta, lokacin da ciyawa ta fi ƙarfi, don haka sai an ɗora wa wasu iyaye da matasan unguwa kulawa. A nan makarantun allo da na Islamiyya, waɗanda hutunsu bai bin wannan tsari, sun fi sauƙi. Na uku, kuma mafi nauyi, amana ce. Idan lambu ya zama gonar shugaban makaranta, yara suna noma shi yana kwashewa, ko aka mai da cirar ciyawa horon mai laifi, to an koya musu ƙin noma da kuma zalunci a lokaci guda. Aikin ya zama kaɗan, daidai ƙarfin yaro, amfanin kuma ya shiga bakinsa, kwamitin iyaye yana riƙe da lissafi a rubuce.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Mai fili a gefen makaranta ya ba da shi wakafi. 'Yan kasuwar kara su ba da takin dabbobi. Masu hali su kewaye wurin da waya saboda awaki, limamai kuma su ambaci batun a huɗuba kafin ruwan farko ya sauka. Masarautar Birnin Gwari, ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubair Jibril Mai Gwari na II, tana da hakimai da dagatai da za su iya tabbatar da iyakar kowane fili don kada a yi jayayya a gaba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare 'ya'yanmu da malamansu, Ya mayar da mutanen Birnin Gwari gonakinsu cikin aminci.