Amsoshin Wasiƙunku: Ina Amfanin Bin Kare Har Gida A Yi Masa Wanka Da Allura?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Argungu. Ya ce ya ji wai a Ingila da Amurka akwai motocin da ke bi gida-gida ana yi wa karnuka wanka da aski. Yana tambaya, shin gaskiya ne, kuma ina amfanin wannan ga irinmu?

Malam, gaskiya ne. Motar tana ɗauke da tankin ruwa da sabulu da almakashi. A ƙofar gida za a wanke karen, a rage masa gashi, a yanke masa farce, a duba kunnuwansa, mai shi ya biya. To mu nan namu karnukan na aiki ne: farauta, gadin gona da bin garke. Gashinsu gajere ne, ba su bukatar aski. Abin da za mu ɗauka a wannan dabara shi ne, a kawo aikin inda karen yake. Kowa ya san ba direban da zai yarda ka shiga motar kasuwa da kare daga ƙauye zuwa Birnin Kebbi. Amma malamin dabbobi yana iya hawa babur ya isko ku.

Amfani na farko shi ne rabuwa da kaska da ƙuma da ƙazuwa. Da damina, karen da ke kutsawa ciyawar fadamar Rima yakan kwaso kaska a kunne da wuya da tsakanin yatsu. Tana shan jininsa, tana sa masa zazzaɓi, ya rame ya kasa gudu. Malamin zai auna maganin wanka daidai girman karen. Don Allah a daina shafa masa baƙin mai ko kananzir ko maganin feshin gona. Kare yana lasar jikinsa, kun ga guba ke nan aka ba shi, ga kuma yara suna wasa da shi.

Na biyu, tsutsar ciki. Karen da ke cin ɗanyen kayan ciki a mahauta yana ɗaukar wata tsutsa wadda ƙwayayenta ke fita cikin kashinsa. Tumaki da shanu su ci a ciyawa, sai a yanka a tarar da ƙullutun ruwa a hanta ko huhu, mahauci ya yi asara. Mutum ma yana kamuwa. Maganin tsutsa duk wata 3 yana rage wannan.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunsa suka bayyana, da wuya a tashi. Amma akwai riga-kafi, har a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ana haɗa allurar. Ana yi wa ɗan kwikwiyo yana da wata 3, a maimaita duk shekara. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na yanki, cutar takan daina yawo. Shi ya sa zuwan malami gari ya fi kowa ya kai nasa: rana ɗaya sai a gama da karnukan gari duka.

To yaya za a yi? Ku haɗu da mai gari da sarkin baka da arɗon Fulani, ku je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ku sa rana. A haɗa kuɗin mai da na magani, kowa ya ɗaure karensa tun da safe. Ku duba allurar ta zo cikin akwatin ƙanƙara, domin zafi yana lalata ta. Ku kuma karɓi takardar shaida.

In kuwa kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a tsaya jiran gani.

Allah ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.